Yadda Ake Gyara Ruwan Kwatami da Gansakuka da Tantanin Tacewa a Karkarar Kano da Jigawa

A bayan kusan kowace makarantar kwana, kowane asibitin karkara da kowace babbar kasuwar mako akwai inda ruwan wanka, na wanki, na wanke-wanke da na sokawe ke gangarawa ya kwanta. Da rani kuma wannan ruwan ne mai lambu ke sa wa injin ban-ruwa, domin shi kaɗai ne ba ya ƙafewa. Babban misali shi ne rafin Jakara, wanda ke kwaso dattin birnin Kano ya kai shi madatsar Wasai a Minjibir, ana noman latas da kabeji da alayyafo a gefensa. Ban ga laifin manomin ba, ruwa ne mai taki a cikinsa. Sai dai tare da takin akwai ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin taifot da kwalara. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, kuma duk inda banɗaki mai ruwa ya ƙaru, ruwan da ke fitowa daga cikinsa ma ƙaruwa yake yi.

Wannan jagora na shugabannin makarantu ne, da kwamitocin kasuwa, da ƙungiyoyin manoman rani, waɗanda ruwan dattinsu ke taruwa wuri ɗaya kuma suke da fili. Ruwan da za ku samu a ƙarshe na ban-ruwa ne, da zuba wa banɗaki, da buga bulo. Ba na sha ba ne.

Abin da gansakuka ke yi a cikin ruwan

Koren da kududdufi ke yi ƙananan tsirrai ne masu ƙwaya ɗaya, irin su Chlorella da Scenedesmus, waɗanda ido ba ya ganin guda sai da madubin likita. Da rana suna shan iskar kabon, suna fitar da oksijin. Bakteriyar da ke ruɓar da datti tana buƙatar wannan oksijin, ita kuma tana mayar musu da kabon da sinadaran naitirojin da fosfarus, wato abin da manomi ke saye a buhun kamfa da yuriya. A manyan birane injuna ake kunnawa dare da rana suna hura iska cikin ruwan, a nan hasken rana ne ke biyan wannan kuɗin. Da la'asar, saboda kabon ɗin da aka shanye, ma'aunin pH na ruwan, wato lambar da ke nuna tsaminsa ko ƙarfin kanwarsa, kan haura 9, wani lokaci har 10, kuma wannan tare da hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Farfesa William Oswald na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ne ya fara tsara kandamin gansakuka mai zagaye don gyara ruwan datti tun shekarun 1950, kuma ƙasa mai rana irin tamu ta fi inda aka ƙirƙire shi dacewa da shi.

Matsalar ita ce ruwan yana fitowa kore, ɗauke da gansakukar da ragowar ƙwayoyin cuta. A nan tantanin tacewa ke shigowa.

Mataki na farko: ku san ruwan da kuke da shi

Ku bi kowane lambatu har inda ya faro. Idan ruwan majema, ko na marina, ko baƙin mai na garejin kanikawa yana shiga, a raba shi tun daga can. Majemar zamani na amfani da sinadarin kuromiyom, shi ya sa ruwan da ke fitowa daga Sharaɗa da Challawa da Bompai ba na wannan tsarin ba ne. Gansakuka za ta ɗauke wani ɓangare na ƙarfen, ku kuma ku kwashe ta ku zuba a gona, ragowar da ya narke kuwa tantani ba ya tare shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jinin mayanka ma a tare shi daban, ƙarfinsa ya ninka na ruwan gida sau da yawa.

Sai awo. Ku tara ruwan a bakin bututu ɗaya, ku duba daƙiƙa nawa yake cika jarka mai lita 20, ku maimaita da asuba, hantsi, azahar, magariba da dare har mako guda, ranar wanki ma a ciki. Zan yi lissafin wannan jagora da makarantar kwana mai ɗalibai 500. Idan kowane ɗalibi yana sako lita 40 a rana, ruwan ya zama lita 20,000. Ku sa naku adadin a gurbin wannan.

Mataki na biyu: zaɓen wuri

Wurin ya kasance ƙasa da inda ruwan ke fitowa domin ya gangaro da kansa, fili ne fetal da babu inuwar darbejiya ko mangwaro, kuma aƙalla mita 30 daga kowace rijiya ko burtsatse, in da hali fiye da haka. Ku tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka yi ambaliya mafi muni. A yankin Haɗejia, Auyo da Ringim wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci, domin kandamin da ambaliya ta shanye ya zuba datti cikin gari ke nan. A can a ɗaga ginin sama da ƙasa maimakon a haƙa. A ƙasar rairayi irin ta Gumel da Maigatari dole a shimfiɗa leda mai kauri ko a yi daɓen siminti. Inda akwai laka mai danƙo za a iya daɓe ta da kyau ta riƙe ruwa.

Mataki na uku: raga, tarkon maiƙo da ramin kwantarwa

A bakin shigowa a sa ragar rodi mai tazarar santimita 2 domin tare leda da tsumma, a bayanta ɗan akwatin siminti inda yashi zai kwanta. Ruwan kicin ya bi ta tarkon maiƙo tukuna, saboda mai idan ya shimfiɗu a kan kandami yana tare haske.

Daga nan sai rami mai rufi mai ɗaki biyu, wanda aka yi wa filasta ciki da ƙasa don kada ya tsotse, mai ɗaukar ruwan kwana biyu. A misalinmu lita 40,000 ke nan, kamar tsawon mita 7, faɗin mita 3, zurfin ruwa mita 2. A nan kauri ke kwantawa, tare da mafi yawan ƙwan tsutsa. A sa masa bututun shan iska mai tsawo, a kwashe shi idan laka ta kai sulusin zurfinsa. Kada wani ya shiga cikinsa, ko da an kwashe. Iskar da ke taruwa a irin wannan rami tana kashe mutum cikin mintuna, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto ma ba ya fitowa.

Mataki na huɗu: kandamin gansakuka

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata mafi yawan kuɗinku da hankalinku su tafi.

Siffarsa doguwa ce, kai biyun a lanƙwashe, da katanga a tsakiya wadda ba ta taɓa ƙarshen ko wane ɓangare, ta yadda ruwa zai riƙa zagayawa. Zurfin ruwa santimita 30. Birkila zai ce a ƙara zurfi a rage fili, kada ku yarda. A ruwa mai kauri haske ba ya ratsa fiye da 'yan santimitoci, abin da ke ƙasa duhu ne, kuma a duhu gansakuka shan oksijin take yi maimakon fitarwa. Bangon ya kai santimita 55 ko 60 domin ruwan Agusta ya sami wurin zama.

Girmansa ya dogara da kwanakin da ruwa zai yi a ciki. Da bazara kwana 4 zuwa 5 sun isa. Da hunturu, lokacin da dare ke sanyi kuma hazo ke rage rana, ana buƙatar kwana 8 ko fiye. A gina shi da lissafin hunturu: lita 20,000 sau 8 ya ba da lita 160,000, a zurfin santimita 30 kuwa wannan murabba'in mita 530 ne da 'yan kai, wato tsawon mita 50 da faɗin mita 11. Ya ɗan fi fuloti mai ƙafa 50 da 100. Idan kuɗi ya ba da dama, a raba shi gida biyu, domin ranar da ɗaya ya lalace ɗayan na aiki.

Abin da ke zagaya ruwan taya ce mai filafilai shida ko takwas, kwance a kan faɗin hanya ɗaya. Mai walda zai iya haɗa ta, a yi filafilan da roba mai ƙarfi ko ƙarfen da aka shafe da fentin hana tsatsa. Ƙaramin injin lantarki mai giyar rage gudu, wanda bai kai ƙarfin doki ɗaya ba, zai wadatar, a haɗa shi da sola da batir. Gudun da ake so santimita 15 zuwa 30 a daƙiƙa. Ku jefa ɗan kara ku bi shi da agogo: idan ya ci mita 10 tsakanin daƙiƙa 35 zuwa 65, daidai ne. Juyawar tana hana gansakuka kwanciya ta ruɓe, tana fito da kowace ƙwaya ga haske lokaci-lokaci, kuma sauro ba ya son yin ƙwai a ruwa mai tafiya. Da dare za a iya rage gudu, amma a guji kashewa gaba ɗaya.

Iri ba a saye. Ku cika kandamin rabi da ruwa mai tsabta, ku ɗebo durom biyar ko goma na koren ruwa daga kandamin kifi ko kududdufi mai kyau. Ku zaɓi wanda korensa ya gauraye da ruwan gaba ɗaya. Ku guji mai shuɗi-shuɗi da ke taruwa a sama ya yi kauri yana wari, domin a cikin irinsa akwai masu dafin da ke lalata hantar dabba da ta mutum. Ku kunna taya, ku fara sako kashi ɗaya cikin goma na ruwan dattin kullum, kuna ƙarawa yayin da koren ke ƙara duhu. Da zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu kandamin zai iya karɓar ruwan duka. Gaggawa a nan ita ce ke kashe kandami tun bai fara ba.

Akwai asarar da ya kamata ku sani tun yanzu. A Maris da Afrilu rana da iska na iya shanye kusan santimita 1 a kullum, wanda a wannan fili ya haura lita 5,000, rubu'in ruwanku ke nan. Abin da ya rage kuma gishirinsa na ƙaruwa. Idan burtsatsenku dama mai ɗanɗanon kanwa ne, ku sa ido a kan ƙasar lambun.

A kewaye wurin da waya. Yara, shanu da agwagi duk za su zo.

Mataki na biyar: raba gansakukar da ruwan

Wannan ne matakin da ake yawan tsallakewa, kuma shi ne dalilin da tantani mai tsada ke toshewa cikin kwanaki. Mai tatar koko ta san idan ta juye ƙullu mai kauri a ƙyalle lokaci ɗaya sai ya liƙe, ruwa ya daina sauka. Haka tantani yake da koren ruwa.

Ruwan da ya fito daga kandami ya shiga tanki mai gindin mazurari da famfo a ƙasa, ya kwana. Scenedesmus da ire-irenta da ke dunƙulewa sukan kwanta da kansu, Chlorella kuwa ƙanana ce ƙwarai, sai an taimaka mata. Akwai alimun, akwai 'ya'yan zogale. Na fi son zogale: a ɓare busassun 'ya'yan, a daka, a tankaɗe, a dama da ruwa a ranar da za a yi amfani da shi. Yana aiki ko da pH ya yi sama, alimun kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi a irin wannan ruwa, kuma lakar da ya bari ba ta da daɗin zubawa a gona shekara da shekaru. Domin gane adadi, ku cika gorunan lita ɗaya guda biyar da ruwan kandamin, ku sa garin rabin ƙwaya a ta farko, ƙwaya ɗaya a ta biyu, haka har ta biyar, ku girgiza, ku bar su awa biyu. Mafi ƙarancin adadin da ya washe ruwan shi ne naku. Kada a wuce shi, rarar zogale abinci ce ga bakteriya, kuma tana liƙe wa tantani.

Kowace safiya a buɗe famfon ƙasa a zubar da koren kaurin a wurin shanya. Ruwan sama-saman ya bi ta durom mai tsakuwa da yashi.

Mataki na shida: tantanin tacewa

Tantanin nan roba ce ta musamman mai ƙofofin da ake aunawa da maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Yana zuwa ko dai a matsayin damin siraran zare masu rami a cikin bututu, ko faifai-faifai da ake nutsawa a tanki. Iri biyu ne suka shafe mu. Mai lakabin MF ƙofarsa daga maikiron 0.1 zuwa sama, mai lakabin UF daga 0.01 zuwa 0.1. Ƙwan tsutsar ciki ya kai maikiron 45 zuwa 75, Chlorella 2 zuwa 10, bakteriya kusan 1, duk waɗannan ba sa wucewa ta kowannensu. Ƙwayoyin bairos sun fi ƙanƙanta, UF ne ke tare mafi yawansu, don haka shi za ku nema, wanda aka yi da robar PVDF mai jure bilic. Gishiri da duk abin da ya narke wucewa suke yi. Ga manomi wannan alheri ne ta wani gefen, tunda ragowar takin na tafiya lambu.

Ba dole sai da famfo mai matsi ba. Cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta nuna cewa idan aka bar nauyin ruwa kaɗai yana tura shi, da tsayin da bai wuce mita ɗaya ba, saurin tacewar yakan sauka a kwanakin farko sannan ya tsaya wuri ɗaya, wajen lita 4 zuwa 10 a awa a kan kowane murabba'in mita, ya daɗe a haka. Ruwanmu ya fi na kogi nauyi, don haka ku yi lissafi da lita 4 ko ƙasa: kusan lita 100 a rana a kan murabba'in mita ɗaya. Tace lita 15,000 da suka rage bayan abin da rana ta shanye zai ci murabba'in mita 150 na tantani.

Shawarata ita ce kada ku tace duka. Ku ware abin da zai je ga ganyen da ake ci ɗanye, latas, kabeji, karas, tumatir, da wanda ɗalibai za su taɓa a banɗaki. Idan lita 5,000 ne, murabba'in mita 50 ya isa, kuma babban bututun UF guda ɗaya kan kai kusan haka. Sauran ruwan da ya fito daga durom ɗin yashi ya tafi ga itatuwa, masara da ciyawar dabbobi. Kuma tantani shi ne abu na ƙarshe da za ku saya, bayan kandami ya yi wata biyu yana aiki lafiya. Ya fi ɗaukar ido a wurin masu ba da tallafi, amma ba tare da matakan baya ba kuɗi ne aka zubar.

Kulawarsa: a rufe tankin daga rana don kada gansakuka ta tsiro a kansa. Kullum a tsayar da shi awa ɗaya ya huta, a zubar da kaurin da ya taru a mayar kandami. Idan mai zare ne, a tura ruwan da aka tace ta baya na minti ɗaya ko biyu. Idan saurin ya faɗi ƙasa da rabi, a jiƙa shi awa biyu a ruwan bilic: bilic ɗin kasuwa mai kashi 3.5 cikin ɗari, mililita 10 a kowace lita. Farin ɓawon da ruwa mai pH sama ke bari kuwa garin tsamin lemo ne ke narkar da shi. Kada a taɓa haɗa bilic da tsami, iskar da suke fitarwa guba ce. A ɗauraye sosai tsakanin wannan da wancan, kuma a bi takardar kamfanin idan ta faɗi wani adadi daban. Idan an tafi hutun zango, a bar tantanin a jiƙe, bushewa na lalata shi.

Mataki na bakwai: gwaji da amfani

Ruwa garau ba shaida ba ce. Zare ɗaya idan ya tsinke, datti zai wuce ba tare da ido ya gani ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 don ban-ruwan ganyen da ake ci ɗanye shi ne kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a lita, kada bakteriyar bahaya ta wuce 1,000 a mililita 100. Ku kai samfur a kwalba mai tsabta cikin ƙanƙara, a ranar da aka ɗeba, zuwa ɗakin gwajin Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, kafin fara amfani, sannan duk bayan wata uku. Ku sanar da RUWASA, hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara ta jiharku, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma tun kafin a sa diga.

A lambu a bi ta kwari ko tiyo a gindin shuka, kada a watsa a kan ganye, kuma a dakatar da wannan ruwan kwana biyu ko uku kafin cira.

Jama'a za su tambayi hukuncin tsarkinsa, kuma tambaya ce mai kyau. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa a 1978 cewa ruwan datti na komawa mai tsarki idan an tace shi har launi, ɗanɗano da warin najasa suka gushe, ba tare da cutarwa ba. Ku kawo limamin gari ya ga matakan da idonsa. Ni dai ina kan cewa alwala da sha a bar wa burtsatse.

Gansakukar da kuka kwashe taki ce. Kandami mai lafiya kan samar da giram 10 zuwa 20 na busasshiya a kan murabba'in mita a rana, wato kilo 5 zuwa 11 a namu, ko da yake ba duka za ku kama ba. A shanya ta a kan yashi, a haɗa da kara da kashin dabbobi a yi takin gargajiya, tulin ya yi zafin da ya haura digiri 50 fiye da mako guda, ana juyawa. Lakar ramin kwantarwa kuwa ta shekara a ajiye kafin ta shiga gona. Matan Kanembu a Chadi sun daɗe suna kwashe wata gansakuka daga tafkunan kanwa suna miya da ita, amma wadda ta tashi a ruwan sokawe ba ta shiga bakin mutum, kuma ban ba da shawarar a ba kaji ko kifi ba.

Aikin kullum

A ɗauki mutum ɗaya, a ba shi albashi, takalmin roba, safar hannu, sabulu da littafi. Da safe ya kwashe raga, ya duba taya, ya zubar da kaurin tanki, ya auna lita nawa tantani ke bayarwa a minti. Da asuba da la'asar ya tsoma takardar pH ya rubuta. Idan lambar la'asar ta fi ta asuba sosai, kandami na aiki. Idan ruwan ya koma toka-toka yana wari, datti ya yi masa yawa: a rage shigowa, a tabbatar taya na juyawa. Idan koren ya ɓace cikin kwana biyu ruwan ya washe, ƙananan ƙwarin ruwa masu cin gansakuka ne suka yi yawa, sai a zubar da mafi yawansa ga itatuwa a sake iri. Ciyawar bakin bango a cire ta duk mako, domin a nan sauro da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ke fakewa.

Kafin ruwan farko ya sauka, a haƙa magudana kewaye da wurin gaba ɗaya, a raba ruwan rufin kwano da lambatun datti, a kuma gyara bututun ambaliyar kandamin ya nufi gonar itatuwa, nesa da rijiya da hanyar gari.